Yatsan Heber da Gwangwanin Gwaggo Triffie

A Tansy Cove ba a zubar da komai. Tsohuwar koma takan zama shingen lambun kabeji, rigar sanyi in ta mutu a warware zarenta a saƙa safa, buhun fulawa kuwa ƙarshensa labule. To mutanen da ba sa iya zubar da tsumma, ta yaya za su zubar da magani? In likita ya rubuta wa mutum na kwana goma, ya sha na biyar ya ji garau, sai ya dubi abin da ya rage a kwalba ya ce wannan ai zunubi ne a watsar. Sai a kai wa Gwaggo Triffie. Ita kuma ta karɓa ta jera a wani gwangwanin biskit da take ajiyewa a saman kabad ɗin kicin, kowace kwalba da sunan mai ita a jiki. Wanda maƙogwaronsa ya kumbura ko kunnen ɗansa ke ruwa, ya san ƙofar da zai buga. Haka muka taso muka gani a wannan lungu na gaɓar Newfoundland a ƙasar Kanada, kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan.

Sunan da aka yi mata baftisma da shi Tryphena, amma ko limamin coci ba ya kiranta da shi. Tana 'yar shekara goma sha shida ta tafi aiki wani ƙaramin asibiti, tafiyar yini guda a jirgin ruwa. Aikinta goge daɓe, wankin zannuwan gado, da dafa allurai a tukunya. A can ta ga abin da ya zauna mata a rai har tsufa. An kawo wani masunci da ciwon haƙarƙari, numfashi da ƙyar, 'yan'uwansa har sun fara shawarar inda za a samo katakon akwatin gawa. Aka shiga yi masa allurar wani sabon magani, fanisilin, ba dare ba rana. A kwana na uku mutumin ya tashi zaune yana tambayar wa ya ɗauke masa lofensa na shan taba. Triffie tana tsaye da bokiti a hannu ta ga wannan da idonta. Daga ranar ta ba fanisilin gaskiyar da ba ta taɓa ba wani mahaluki ba.

Ta so ta yi karatun nas, har babbar nas ɗin asibitin ta yi alkawarin rubuta mata takarda. Sai mahaifiyarta ta rasu, ta bar autanta Heber yana shekara biyar, uba kuma kullum yana kan teku. Triffie ta tattaro komatsanta ta dawo. Ranar da ta iso, da farar rigar aikinta a ninke a hannu, wata tsohuwa a bakin gaɓa ta ce, "Ga nas ɗinmu ta dawo." Triffie ba ta ce e ba. Ba ta kuma ce a'a ba, kuma a nan gizo ke saƙar. Shekara arba'in da shida ana ce mata Nas, daga baya Gwaggo Nas, tana amsawa.

A yi mata adalci dai. Kafin a kawo mana hanyar mota ita ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ita ke cire ƙugiya daga tafin hannun masunta, ita ke wanke gawa. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, don haka Heber ne ɗanta, ko da yake Yaya yake ce mata. Heber ya girma ya zama masunci kamar kowa, sai dai yana da abin da sauran ba su da shi, wato goge. Ba a ɗaurin aure ko bikin Kirsimeti a garuruwa uku na gaɓar nan sai da shi. Bai yi aure ba, bai kuma damu ba. Gidansa yana kallon nata, a teburinta yake cin abinci sau uku a rana yana kushe miyar.

Bayan gwamnati ta hana kamun babban kifin da muka dogara a kansa, abin da ya rage wa maza shi ne farautar karen teku, wata dabbar ruwa mai kitse da ke hawowa kan ƙanƙara, idan ƙanƙarar teku ta gangaro daga arewa a watan Afrilu. A irin wannan fita, a shekarar 1997, Heber yana feɗe ɗaya a kan ƙanƙara sai wuƙa ta shafi manuninsa na hagu. Yankan bai kai a ba da labarinsa ba. Ya tsotse jinin, ya mayar da safar hannu, ya ci gaba da aiki. Bayan kwana huɗu yatsan ya kumbura ya yi jawur yana ƙyalli. Hagu kuwa shi ne hannun da ke danna tsirkiyar goge.

Ya shigo kicin da hantsi ya ɗora hannun a kan tebur kusa da burodi.

"Yaya, dubi abin da ya same ni."

"Ɗauke min hannunka daga abinci tukuna."

Ta sa tabarau, ta kama yatsan ta juya, shi kuma ya ja iska ta tsakanin haƙora.

"Yatsan karen teku ne," in ji shi. "Irin wanda ya ci na marigayi Kawu Job."

Kowa a garin ya san wannan ciwo. Tsofaffin maharbanmu da yawa da yatsu tara suka shiga kabari, don a da maganinsa ɗaya ne, a datse.

"Zamanin Kawu Job babu fanisilin," ta ce.

"Selby zai shiga gari gobe da motarsa. Na ce ko in bi shi Marina ta duba min."

Selby maƙwabcinsu ne, tare suke fita farauta da Heber a jirgi ɗaya. Marina kuwa ita ce nas a asibitin sha-ka-tafi da ke tafiyar awa guda daga nan, 'yar garinmu, ta yi karatunta tana da takardunta. Da Heber ya ce wani baƙon likita zai je gani, da wataƙila Triffie da kanta za ta miƙo masa hularsa. Sunan Marina ne ya soke ta.

"Marinar da na yanke wa cibi? Me za ta ba ka wanda ba ni da shi a saman kabad? Ka ɓata yini guda ƙanƙara tana wucewa, ka dawo da irin kafson nan dai."

"To, ke ce nas."

"Miƙo min kujera."

Ta taka ta sauko da gwangwanin, ta zaɓi kwalbar Olive matar Selby, ragowar na ciwon haƙori. Ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya kafin kwanciya. Heber ya sa kwalbar a aljihu ya koma teku. Da ta ƙare ta buɗe ta wani, ta ce wannan ya fi ƙarfi, alhali 'yan gida ɗaya ne da na farkon. Ta jiƙa burodi a ruwan zafi ta ɗaure masa a kai, yadda iyayenmu ke yi don a jawo mugunya. Mugunya ba ta fito ba. Kumburin ya kama gaɓar tsakiya ya zauna daram.

Nan ne labarin ya fi ɗaci, kuma ita kanta ba ta taɓa yi wa kanta rangwame a kansa ba. Tun a mako na biyu ta san maganin ba ya aiki. Matar da ta ga masunci ya tashi a kwana uku ba ta buƙatar a gaya mata cewa kwana goma sun yi yawa. Ta ga Heber ya daina fita farauta, ta ga ya rame, ta ga yana cin abinci da hannun a ɗage kamar mai rantsuwa, ko kushe miya ya daina. Amma zuwa wurin Marina yana nufin za a tambayi abin da ya sha, da wanda ya ba shi. Sai ta riƙa ce wa kanta gobe zai sauka. Ta buɗe kwalba ta uku.

Ranar da aka cika mako uku ta fita da safe ɗebo itace, ta hango shi a bayan gidansa. Ya ɗora yatsan a kan kututturen faskare, ƙaramin gatari a hannun dama, yana tsaye yana kallo.

"Heber."

"Aunawa kawai nake yi, Yaya."

"Ajiye."

"Kawu Job ya ce sara ɗaya ne, daga nan mutum ya samu barci."

Ta karɓe gatarin ta cilla cikin itace. Ta koma gida ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta juye gwangwanin gaba ɗaya a jaka, ta je ta buga wa Selby ƙofa.

A asibiti Marina ta kwance tsumman ta ga yatsan. Fuskarta ta canza, muryarta ba ta canza ba.

"Kawu Heber, tun yaushe?"

"'Yan kwanaki ne."

"Kwana nawa ne 'yan kwanaki?"

"Sati uku," ya ce yana kallon silin.

"Ka sha wani abu?"

"Ni? Ko asfirin. Taurin kai ne kawai, 'yata. Yaya ta yi ta fama da ni in zo, na ƙi."

Triffie tana zaune a kujerar bakin ƙofa, jaka a cinya. Ƙaryar nan ta fi mata zafi a kan zagi. Da son ranta za ta bi da ta yi shiru, ga rufin asiri an miƙo mata har hannu. Amma ta zauna a asibiti isasshen zaman da ta san mai magani ba ya aiki a makance, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Ta tashi ta zazzage jakar a kan tebur, kwalabe suka gangara, ɗaya ta faɗi ƙasa.

"Waɗannan ukun ya shanye. Ni na ba shi."

Marina ta riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunaye. Har da ta mahaifiyar ita Marina a ciki. Ba ta yi faɗa ba, Triffie kuwa ta so a ce ta yi.

"Gwaggo, kin san yadda fanisilin yake kashe ƙwayar cuta?"

Shekara kusan hamsin tana rantsuwa da maganin nan, ba ta taɓa yi wa kanta wannan tambayar ba. Ta girgiza kai.

"Yawancinsu katanga gare su, kowace ta gina ta kewaye jikinta. Duk lokacin da za ta girma ta rabu biyu sai ta yi sabon gini. Fanisilin yana hana ginin kamawa, katanga ta tsage, ƙwayar ta fashe. Iyakar aikinsa ke nan." Ta nuna yatsan. "Ita wannan ta karen teku ba ta da katanga ko kaɗan, tsirara take yawo. Ko buhu ya sha, bai tarar da abin rushewa ba."

"Ka ji mara kunya," in ji Heber. Babu wanda ya yi dariya.

Marina ta buga wa likita waya, ta dawo da wani magani dabam, tetirasakilin.

"Shi wannan ba ruwansa da katanga. Ciki yake shiga ya tsayar da inda take ƙera abin gina jikinta, ta kasa yaɗuwa, jiki ya ƙarasa ta. Sau huɗu a rana, sati huɗu, har sai ya ƙare, ko ka ji sauƙi ko ba ka ji ba. Kuma kada ka sha madara kusa da shi, tana ɗaure shi a ciki ya fita a banza."

"Shayi ba madara? Ai gara gatarin."

Da aka shiga da shi ɗaukar hoton ƙashi, Triffie ta bi Marina har baranda ta riƙe mata hannun riga.

"Da ya zo ranar da ya ce zai zo fa?"

Marina ta juyo. "Gwaggo, kina so in gaya miki?"

"Da ba na so ba zan tambaya ba."

"Da cikin 'yan kwanaki kumburin ya sauka, ya koma kan gogensa. Yanzu ta riga ta ci gaɓar. Yatsan zai zauna a hannunsa, amma ban ga alamar zai sake lanƙwasuwa ba."

Triffie ta ce ta gode. Ta bar kwalaben a kan teburin Marina, ta ɗauki jakarta wayam. A hanyar dawowa Heber ya yi barci ya jingina kai da gilashi, Selby ya yi ta surutun farashin mai da lalacewar hanya, ita kuma tana tsakiyarsu riƙe da jakar har gida.

Yadda Marina ta faɗa haka aka yi. Ciwo ya tafi, yatsa ya sandare a miƙe. Heber ya baza labarinsa a gari kamar yadda ya tsara shi a asibiti, taurin kansa ne, Yaya ta yi iya yinta. Mutane suka ci gaba da gaishe ta da Gwaggo Nas, ita kuma kowace gaisuwa sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska. Ta rage fita. A coci ta koma bencin baya. Ta lura babu wanda ya sake kawo mata kwalba, ta ce a ranta lokacin ɗumi ne, mutane ba sa ciwo. Da la'asar takan jiyo Heber ta taga yana koya wa yatsu uku aikin huɗu. Ya ɗauko waƙa, ya zo wuri ɗaya ta karye, ya koma farko. Sai ta rufe tagar. Can kuma ta ji kunyar rufewar, ta tashi ta buɗe.

A watan Oktoba Selby da Olive suka cika shekara arba'in da aure, aka yi taro a zauren coci ranar Lahadi bayan sujada. An dafa naman gishiri da kabeji da dankali, gari ya hallara. Triffie ta zaɓi teburin shayi can gefe, inda take ganin babu mai kula da ita. Sai ga Heber ya shigo da goge a hammata, karon farko tun Afrilu. Aka tafa masa. Ya ɗora gogen a kafaɗa ya kama wuyansa da hagu, yatsu uku suka kwanta a kan tsirkiya, manunin ya tsaya ƙiƙam. Yadda ya juya kuwa, teburin shayi yake nunawa.

Selby, wanda bakinsa ba shi da linzami ko a gidan makoki, ya ce, "Heber, wa kake nuna mana ne? Fito fili ka faɗi sunanta mu je mu nema maka, tun kafin sauran ukun su sandare."

Aka kwashe da dariya.

"Nuna wa yara nake abin da taurin kai ke jawowa," in ji Heber.

"Ai kai ko ankar jirgi ta fi ka jin magana."

Triffie ta dire butar. Ba ta shirya magana ba, ji ta yi kawai ba za ta iya haɗiye wata dariyar a kansa ba.

"Ba taurin kansa ba ne," ta ce. Aka juyo. "Tun kwana na huɗu ya ce zai je asibiti, ni na hana shi. Sati uku ina ɗura masa maganin da ba na ciwonsa ba, kuma na san ba ya aiki. Sannan ni ba nas ba ce. Daɓe na goge a asibitin nan shekara biyu. Ku daina kirana da sunan."

Ta tsaya riƙe da bakin tebur tana jira. Ta shirya wa zagi, ta shirya wa salati da riƙe baki.

Olive ce ta yi magana, tana goge hannu da tawul, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Triffie, ki zauna mana. Kwalbar da ya riƙa fitarwa a jirgi a gaban Selby, sunana ne a jikinta. Tun Afrilu muka sani."

"Maganar nas kuwa," in ji Selby, yana susar ƙeya, "ƙanwar babata ce ke girki a asibitin can lokacin da kina can. Ba wanda bai san aikin da kika yi ba, Triffie. Kin iya karɓar haihuwa, mu kuma ba mu da kowa."

Ta bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga mamaki a ko ɗaya ba. Wasu sun sunkuyar da kai a faranti, ya kuma kamata su sunkuyar, don in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu ne muka riƙa kai mata kwalaben. Amma ita ba wannan ta gani ba. Abin da ta gani shi ne asirin da ta kwana ta tashi da shi yana zaune a kowane kicin na garin, kuma duk wanda ya gaishe ta a watannin nan sadaka ya ba ta. Kunyar da ta ji a gaban Marina wasa ce a kan wannan. Ta nemi kujera ta rasa, ta ci gaba da tsayuwa.

"Yaya," in ji Heber, "wata shida ina kiwon ƙaryar nan, ta yi ƙiba ta yi kyau, kin zo kin yanka min ita a gaban mutane." Ya gyara gogen a ƙarƙashin haɓa. "Ki zuba musu shayi, yana hucewa."

Ya ja wata waƙar rawa mai sauri. Selby ya jawo Olive tsakiyar fili, sauran suka mara musu baya da hanzarin mutanen da aka buɗe wa hanyar tsira, daɓen katako ya ɗauki ƙara. Kiɗan ya yi daɗi, ba a ƙwace masa wannan. Sai dai a kowane zagaye akwai wuri ɗaya da manunin ya kamata ya sauka, a nan sai a sami ɗan gurbi, bai kai ƙiftawar ido ba, kafin na tsakiya ya iso ya rufe. Masu rawa suna tsallake shi ba su ma sani ba. Triffie ta ɗauki buta ta shiga bin kofuna. Waƙar ta zagayo sau goma sha ɗaya, sau goma sha ɗaya kuma ta ji wurin.